Yadda muka bi sawun nauyin manhajar ciniki a wani shagon sari a Maraɗi

Shagon sari ne na kayan masarufi a gefen babbar kasuwar Maraɗi: shinkafa, sukari, man girki, taliya, sabulu, madarar gari. Ƴan kasuwa daga Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji, har Dakwaro da Mayahi, nan suke zuwa su yi lodi. Kwamfuta shida ke aiki a ciki. Uku suna kes, ɗaya a biron kontabul, ɗaya can baya a magaza, ta shida kuma a biron Alhaji mai shagon, ita ce uwar garke, wato wadda ke riƙe da bayanan kowa. Manhajar da suke aiki da ita wani matashi ne ya rubuta musu shekarun baya da Microsoft Access, wato manhajar gina rumbun bayanai. Ita ke fitar da faktir, ita ke lissafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita, ita ke riƙe da bashin kowane abokin ciniki. Ta daɗe tana yi musu aiki lafiya lau, sannan ta fara nauyi sannu a hankali, har ta kai faktir mai layi goma sai mai saye ya gaji da tsayuwa kafin ta fito.

Ko da aka kira ni, Alhaji ya riga ya yanke shawara. Ya ce, "Malam, rezo ne ba shi da ƙarfi, kuma injinan nan sun tsufa. Rubuta mini irin waɗanda suka dace in aika Kano a sayo." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka ɗan dakata da fitar da kuɗin nan. Ka bar ni in zauna da yaranka in ga abin da idona. In sababbin injina ne maganin, ni zan fara faɗa maka." Ya amince, ko da yake fuskarsa ta nuna yana ganin ɓata lokaci ne.

Abin da ya fi damuna a lamarin ban ji shi daga bakin Alhaji ba, daga bakin ƴan matan kes na ji shi. Ranar Litinin da Juma'a, da kasuwa ta cika, idan manhajar ta maƙale ga direbobi suna ta ƙorafi ga ƴan dako suna jira a rana, sai su jawo littafin faktir na hannu su rubuta, da niyyar shigarwa da yamma. Wasu takardun ana shigar da su, wasu kuma gajiya ta sa a manta. Ƙarshen wata in an zo ƙirgar kaya, kwamfuta ta ce akwai buhu kaza, magaza ta ce bai kai ba. Sai ido ya koma kan dattijon da ke kula da magaza, mutumin da yake shagon tun kafin a san kwamfuta a cikinsa. Ba wanda ya fito ya ce masa ɓarawo, amma ya gane irin kallon da ake yi masa. Nauyin manhaja ya fara taɓa mutuncin bawan Allah, shi ya sa ban ɗauki aikin da wasa ba.

Maganar intanet na fara kawarwa, don ita ce ta fi sauƙi. Na cire layin da ke kawo intanet shi kaɗai, na bar sauran wayoyin cikin gida yadda suke, na ce a fitar da faktir. Ta fito da nauyinta kamar kullum, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Manhajar ba ta leƙa waje ko kaɗan, duk zirga-zirgarta tsakanin kwamfutocin shagon ne. Da an ƙara kuɗin intanet ɗin, da an yi asararsu.

Daga nan na ja kujera na zauna bayan kes da takarda da agogon wayata. Abu huɗu na riƙa aunawa a kowace kwamfuta: buɗe shafin faktir, neman sunan abokin ciniki, ƙara layin kaya ɗaya, da bugawa. Na auna da sassafe lokacin da mutum ɗaya kawai ya buɗe, na sake aunawa da hantsi ranar kasuwa. Kalmar "tana nauyi" ba ta gyara komai, sai ka san wane aiki ne ke nauyi, a wace kwamfuta, kuma da wane lokaci. Babbar cikin ƴan matan ce ta ba ni bakin zaren tun kafin in gama. Ta ce, "Malam, ni in na riga kowa zuwa, gudu take yi. Da zarar ƙanwata ta kunna tata, shi ke nan ta fara rarrafe. In kuwa kontabul ya fara haɗa lissafin wata, sai mu naɗe hannu." Takardata ta gaskata ta. Buɗe shafi da bugawa ba su da laifi sosai. Neman suna da ƙara layin kaya su ne ke cin lokaci, kuma kwamfutar magaza ta fi kowa shan wahala, wani lokaci layi ɗaya ya kusa cinye minti guda.

Kafin in taɓa komai, da aka tashi da yamma na sa kowa ya rufe manhajar, na kwafe fayil ɗin bayanan zuwa faifan waje, sannan na buɗe kwafin a tawa kwamfutar don in tabbatar yana buɗuwa kuma faktir ɗin ranar suna ciki. A nan na ga girman fayil ɗin, ya kai wajen giga 1.6. Gabana ya faɗi, domin fayil ɗin Access ba ya wuce giga 2. In ya kai nan ba maganar nauyi ake yi ba, ƙin karɓar sabon rubutu zai yi, kuma yana iya lalacewa a tsakiyar ciniki. Na faɗa wa Alhaji a daren cewa wannan ya fi nauyin haɗari.

Gwaji na gaba shi ne na buɗe manhajar a kan uwar garken kanta, ba kowa a layi. Abin da ke ɗaukar kusan minti a magaza, a nan sakan uku ko huɗu ne. Har yanzu bai yi saurin da ya kamata ba, amma tazarar ta nuna cewa kaso mai yawa na matsalar yana kan hanyar da ke tsakanin kwamfutocin.

Dole in tsaya a nan in bayyana yadda irin wannan manhaja ke aiki, domin wanda bai gane shi ba zai yi ta kashe kuɗi a inda ba ciwo. A tsarin Access, uwar garke ba ta yin lissafi, ajiyar fayil kawai take yi. Kowace kwamfuta ita ke jawo bayanan ta waya ta yi lissafin a cikinta. Na kwatanta wa Alhaji da magazarsa: ka ce yaro ya duba maka ko sukari ya rage, maimakon a amsa masa daga can, sai ya riƙa kwaso littattafan magaza shafi-shafi yana kawowa gabanka yana dubawa, ya koma ya ɗauko wani. Access a gutsure-gutsure na kilobait 4 yake karanta fayil ɗinsa, don haka tambaya ɗaya tana iya zama kai-da-kawowa dubbai a kan waya. Lissafin ba wuya: in kowace tafiya ta yi jinkirin kashi 20 cikin dubu na sakan, tafiya 2,000 sun zama sakan 40. Wannan ne ya sa ɗan jinkirin da ba ka ji in kana kallon bidiyo yake durƙusar da manhajar ciniki.

Abin da yarinyar kes ta lura da shi ma yana da dalili. Idan kwamfuta ɗaya ce kaɗai ta buɗe fayil a kan hanyar sadarwa, Windows yana ba ta izini ta riƙe sassansa a ƙwaƙwalwarta ta yi aiki da su ba tare da komawa uwar garke kowane lokaci ba. Da ta biyu ta buɗe, sai a janye wannan izini don kada su rubuta abubuwa masu karo da juna, kowa ya koma bin waya a kan kowane ɗan abu. Tsari ne na kare bayanai, kuma ban yarda da masu ba da shawarar a yi ta wasa da shi a cikin saitin Windows ba. Abin yi shi ne a gyara hanyar, a kuma rage yawan tafiyar.

Na fara da hanyar. A kowace kwamfuta na duba gudun da katin sadarwarta ya daidaita a kai. Katunan duka masu iya megabit 1,000 ne, amma uwar garken kanta a 100 take zaune, kuma ta wannan waya ɗaya kowa ke sha. Na gwada kwafe fayil ɗin daga gare ta zuwa biron kontabul: wajen megabait 11 a sakan, kusan minti biyu da rabi kafin ya gama. A layin 1,000 mai lafiya ya kamata ya haura megabait 100 a sakan, ya gama cikin sakan 15 ko kusa da haka.

Na zare wayar na sa ta a na'urar gwaji, wadda ke da ƴan fitilu takwas, ɗaya ga kowane silin waya. Suka fara kamawa bi da bi, ɗaya, biyu, uku, har shida, ta bakwai ta ƙi, ta takwas ta kama. Wayar sadarwa sili takwas ne a murɗe biyu-biyu. Gudun 100 sili huɗu kawai yake buƙata, na 1 da 2 da 3 da 6, shi kuwa gudun 1,000 sai duka takwas ɗin sun cika. In ɗaya daga cikin sauran ya tsinke, layin ba ya mutuwa, sauka yake yi zuwa 100 shiru ba tare da ya sanar da kowa ba. Na bi wayar da hannu daga bayan tebur, ta bi gindin bango, ta ratsa ƙarƙashin ƙofar ƙarfen biron Alhaji. A daidai nan ta baje kamar an take ta, robar ta yi fari saboda matsa. Kullum aka buɗe ƙofar sai ta goge ta. Da na yanke wurin na kankare sili ɗaya da reza, jan ya tafi, fari ya fito a ƙasa. Sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan waya ta cika kasuwa saboda araha, a ido ba ka bambanta ta da ta gaske, amma saurin karyewa gare ta. Na miƙa wa Alhaji guntun, ya juya shi a tafin hannunsa ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya tsayar mini da shago?" Na ce, "Yana ciki, Alhaji, amma ba shi kaɗai ba ne."

Bayan kantar kes, ƙarƙashin tarin tsofaffin takardu, na tarar da wani ƙaramin akwatin raba layi da ƙura ta rufe. Tsoho ne, iyakarsa 100, kuma kwamfutocin kes uku duka ta cikinsa suke bi. An sa shi ne lokacin da aka ƙara kes na uku, aka manta da shi. Muka cire shi, muka ja wa kowace kwamfuta wayarta ta jan ƙarfe zalla zuwa babban akwatin.

Ita kuwa ta magaza ba ta da waya sam, da Wi-Fi take aiki, ta bayan bangon bulo biyu da ƙofar ƙarfe da tarin buhuna. Na bar umarnin ping, wanda ke auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, yana ta bugawa daga can zuwa uwar garke. A kwamfutocin da ke kan waya amsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A magaza lambobin sai tsalle suke, yanzu 4, an jima 60, can 300, wani lokaci amsar ta ɓace gaba ɗaya, musamman in kamyo ya ja ya tsaya a tsakar gidan. Ga kuma wayoyin hannun ma'aikata duka a kan wannan Wi-Fi ɗin. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: rumbun bayanai irin na Access ba a ɗora shi a kan Wi-Fi. Bayan nauyi, yankewar layi a tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ɗin kowa da kowa. Muka ja waya har magaza a cikin bututun roba saboda ɓeraye. Nisan bai kai rabin mita 100 da ƙa'ida ta yarda da shi ba.

Da na sake aunawa, an sami sauƙi ƙwarai, dattijon magaza har ya ce injinsa ya warke. Amma ƙara layin kaya a faktir har yanzu yana sa mutum ya tsaya yana kallon allo, kuma lissafin kontabul bai daina riƙe kowa ba. Hanya ta gyaru, saura yawan kayan da ake ɗorawa a kanta. A nan aikin ya koma cikin manhajar, kuma ba na shiga rubutun wani ba da saninsa ba. Na nemi lambar matashin da ya rubuta ta, yanzu yana aiki a Yamai. Na ji tsoron zai ɗauka laifinsa nake nema, sai na fara da gaskiyar magana: "Ƙanena, abin da ka gina ya riƙe shagon nan shekaru, kuma lokacin da ka gina shi kwamfuta ɗaya ce da bayanan shekara ɗaya. Yanzu shago ya girma, zo mu buɗa masa wuri." Ya ce, "Yaya, ai na daɗe ina son in koma kanta." Da dare bayan an rufe shago yake shigowa ta nesa, muna aiki a kan kwafi, ba a kan fayil ɗin da ake ciniki da shi ba.

Farkon abin da muka duba shi ne me ya cika fayil ɗin. Ashe hotuna ne. Wani lokaci can baya aka fara ɗaukar hoton takardar shaidar karɓar kaya ana liƙa ta a cikin rumbun, kowace da nauyinta. Muka fitar da su zuwa wata jaka daban a uwar garke, rumbun ya riƙe adireshinsu kawai. Akwai kuma wani jadawalin wucin gadi da ake cikawa a share duk lokacin da aka haɗa rahoto. Access ba ya mayar da wurin abin da aka share da kansa, sai an matse fayil ɗin da umarnin da ke fitowa a allonsu da sunan Compacter et réparer, wanda ba ya yiwuwa sai kowa ya fita. Tun da aka kafa manhajar ba a taɓa yi ba. Bayan fitar da hotuna da matsewa, fayil ɗin ya dawo ƙasa da megabait 400.

Na biyu, duk su shida fayil ɗaya suke buɗewa, wanda ya haɗa bayanai da shafukan aiki da rahotanni da rubutun manhajar a wuri guda. Ke nan hatta zanen shafin faktir ta waya yake zuwa. Muka raba shi biyu: bayanai zalla suka zauna a uwar garke, fuskar manhajar kuma kowace kwamfuta ta sami nata kwafin a faifanta. Rabawar tana da wani tarko da ya kamata a sani. Access yana ƙirƙirar ɗan fayil na kulle mai ƙarewa da .laccdb a gefen rumbun, inda yake rubuta wa ke ciki, ya goge shi in na ƙarshe ya fita. Idan fuskar manhajar tana buɗe rumbun ta rufe a kan kowace tambaya, wannan buɗe-rufe kansa yana cin lokaci. Maganinsa ɗan ɓoyayyen shafi ne da ke buɗuwa tare da manhajar ya riƙe wani ƙaramin jadawali har a tashi aiki, don layin ya zauna a buɗe.

Na uku shi ne ainihin gindin ciwon, kuma mun daɗe a kansa. Duk lokacin da yarinyar kes ta zaɓi, a ce, shinkafa buhu mai kilo 25, manhajar tana nuna mata nawa ya rage a magaza. Abu ne mai kyau. Amma yadda take samo lambar shi ne ta tara duk shigar wannan kaya tun ranar da aka fara aiki da ita, ta tara duk fitarsa, ta debe. Kuma jadawalin motsin kayan ba shi da fihirisa a kan lambar kaya. Fihirisa wani jeri ne a tsare da rumbun ke ajiyewa a gefe, wanda ke nuna masa kai tsaye inda layukan kaya kaza suke. In babu shi, sai ya karanta jadawalin daga farko har ƙarshe, layi dubu ɗaruruwa, ta waya, don ya amsa tambaya ɗaya. A shekarar farko ba wanda zai ji, domin jadawalin ƙarami ne. Kowace faktir da aka yanka tun daga lokacin tana ƙara wa ta gaba nauyi. Shi ya sa ba wanda ya iya tuna ranar da matsalar ta fara.

Muka sa fihirisa a kan lambar kaya, da kwanan wata, da lambar abokin ciniki. Matashin ya so ya sa wa kowane gurbi, na hana shi, domin kowace fihirisa sai an sabunta ta a duk sabon rubutu, yawansu yana rage saurin shigar da faktir. Inda ake nema da inda ake haɗa jadawali biyu, nan kawai ake sa ta. Sannan ya sauya lissafin ragowar kaya: a ƙarshen kowace shekara a rufe, a ajiye adadin da ya rage, lissafin sabuwar shekara ya tashi daga wannan adadi.

Neman suna kuma wata matsala ce ta daban. Manhajar tana neman harafin da aka buga a ko'ina cikin sunan, farko ko tsakiya ko ƙarshe, kuma irin wannan nema fihirisa ba ta taimaka masa, dole a bi kowane suna. Ga shi masu suna Sani da Abdu da Ibrahim sun fi a ƙirga a littafin shagon, ko an samo su sai an tsaya tambayar wanne ne. Babbar yarinyar kes ce ta kawo shawarar a riƙa nema da lambar waya, tun da lamba takwas ce kuma kowa ya haddace tasa. Aka yi haka, aka bar neman suna daga farkon kalma ga wanda ba shi da waya.

Da muka zo maganar cire tsofaffin shekaru daga rumbun da ake aiki da shi, kontabul ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam, ba za a goge mini ko layi ɗaya ba. Dokar OHADA, dokar kasuwancin da ƙasarmu ke bi, ta ce a ajiye littattafan lissafi da takardunsu shekara 10, in masu haraji suka zo ni za a tambaya." Gaskiyarsa ne, kuma na ji daɗin yadda ya tsaya a kai. Muka nuna masa ba gogewa za a yi ba. Shekarun da aka rufe sun koma wani fayil na daban da ake karantawa kawai ba a rubutu a ciki, akwai maɓallin buɗe shi a kwamfutarsa, kuma kwafinsa biyu ne, ɗaya ba ya kwana a shagon. Sai da ya zaɓi tsofaffin faktir da kansa daga cikin kwali, ya nemo su a sabon wurin ya ga sun yi daidai har dala, sannan ya yarda. Rahoton ƙarshen wata ma aka gyara shi ya riƙa jawo watan da aka tambaya kawai.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma sun taru sun yi yawa. Uwar garken tana ɗauke da manhajar kare ƙwayar cuta har biyu, kowace tana binciken fayil ɗin bayanan duk lokacin da aka taɓa shi. Muka bar ɗaya, muka ce ta daina leƙa jakar rumbun a lokacin aiki, ta bincike ta da dare. Da na buɗe murfin injin, ƙurar hunturu ta yi kauri a kan fanka da ƙarfen sanyaya har ba a ganin ƙarfen, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta yi zafi rage gudunta take yi don ta tsira. Muka hure ta tas, muka ɗaga ta daga ƙasa. Tsohon faifai mai juyawa muka musanya shi da SSD, faifan da ba ya juyawa kuma ya fi sauri. Saitin da ke sa katin sadarwa da faifai su yi barci don tsimin wuta, na kashe shi. Batirin ondilar, wato na'urar da ke riƙe wa injin wuta in an ɗauke ta, ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta injin ke mutuwa tare da ita, kuma sa'a ce kawai ta hana fayil ɗin lalacewa duk tsawon lokacin nan. Aka sa sababbin batura, aka haɗa akwatin raba layin ma a kai, domin ba amfani uwar garke ta rayu layi ya mutu. Na kuma roƙi Alhaji a daina kallon bidiyo da saukar da abubuwa a wannan injin, a bar shi da aikinsa.

Ranar kasuwa ta gaba na koma da takardata ta farko, na auna abubuwa huɗun nan a daidai lokacin da na auna su a baya. Ƙara layin kaya ya dawo ƙasa da sakan ɗaya a kes, haka ma a magaza. Neman abokin ciniki kafin ka ɗaga yatsa ya fito. Na sa kontabul ya haɗa lissafin wata da gangan a tsakiyar cunkoso, ƴan matan ba su ma san yana yi ba. Abin da aka kashe a waya da faifai da batura da ladan matashin bai kai kuɗin sabuwar kwamfuta guda ba. Littafin faktir na hannu ya koma aljihun tebur don ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kuma da aka bi tsofaffin shafukansa aka shigar da waɗanda aka manta, gibin da ake gani a ƙirgar magaza ya rufe. Alhaji da kansa ya je ya sami dattijon ya ce, "Baba, ka yafe mana." Na bar musu takarda manne a bango: kwafin ajiya kowace yamma, matse fayil sau ɗaya a wata bayan an yi kwafi, duba girmansa, hure ƙura kafin zafi ya shigo.

Akwai abu ɗaya da na ƙi amincewa da shi. Ganin yadda manhajar ke gudu yanzu, Alhaji ya ce yana son reshen da zai buɗe a Tasawa ya riƙa shiga wannan rumbun ta intanet. Na ce masa a wannan tsarin ba zai yiwu ba. Jinkirin da ke tsakanin gari da gari ya ninka na cikin shago sau da yawa, ga yankewar layi, kai-da-kawowar nan dubbai za su dawo da mu inda muka fito, har da haɗarin lalata fayil. In ana son reshe, sai bayanan su koma rumbun da ke yin lissafi a wurinsa ya turo amsa kawai. SQL Server Express irin wannan rumbu ne, kuma kyauta ne, irin wanda na saba aiki da shi yana ɗaukar har giga 10 a rumbu ɗaya, kuma fuskar Access da yaran suka saba da ita za ta iya zama yadda take, a sauya abin da ke bayanta. Aiki ne na gaske, domin sai an sake rubuta tambayoyi da dama, a gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan kwafi. Matashin ya aiko da lissafin abin da zai ci, Alhaji ya sa hannu, muka tsayar cewa ba za a taɓa komai ba a cikin azumi, lokacin da sukari da madara ke fita ba ƙaƙƙautawa. Za a fara bayan ƙaramar Salla, reshen Tasawa kuma zai riƙa aiko da lissafinsa a takarda har a gama.